Tarihin Ƙarfen da Ake Kafawa a Ƙashin Kwatangwalo

A ƙasar Kabi, daga Gwadangaji har Argungu, ba a rasa maɗori. In hannu ya karye, ko ƙwauri, sai ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Amma akwai karayar da ta gagare shi, watau ta wuyan ƙashin cinya, inda ya shiga kwatangwalo. Wurin yana can cikin tsoka, ba inda za a ɗaura kara. Tsohon da ya faɗi ya karye a nan, sau da yawa kwanciyarsa ke nan.

Turawa ma ta daɗe tana gagararsu. Sai cikin 1931 wani likitan Amurka, Smith-Petersen, ya bayyana wata ƙusa mai fiffike uku wadda ake kafawa cikin ƙashin ta riƙe shi. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe.

To, amma ƙarfe ba ya son laima, jikin ɗan Adam kuwa ruwa ne mai gishiri. Wajen 1937 likitoci biyu, Venable da Stuck, suka nuna in an haɗa ƙarfe iri biyu cikin jiki, ɗaya yakan ci ɗaya, ƙashi ya zaizaye. Daga nan aka koma ga haɗin ƙarafa masu wuyar tsatsa.

Duk da haka ba a rabu da wahala ɗungum ba, ko da yake kaɗan ne take samu. Wani bayan shekaru ƙusarsa ta kwance, ta huda kan ƙashi. Wani ƙashin ya sake karyewa daidai bakin ƙarfen. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙwayar cuta, ta laɓe jikin ƙarfe shekara da shekaru, mutum yana nomansa, sa'an nan wurin ya kumbura ya tara mugunya. Cikin 2010 kuma kamfanin DePuy ya janye wani kwatangwalon ƙarfe da ya sayar wajen 93,000, gama yana saurin lalacewa, garinsa yana ɓata tsoka yana shiga jini.

A nan Arewa, cikin 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mai ƙarfe a jiki, in ciwo ya dawo masa, ko ƙafar ta soma gajarta, likita yakan fara da ɗaukar hoton ƙashin, ya gwada da na dā. Wani a cire masa ƙarfen, wani a sake masa sabo.