Taswirar Laifi a New York: Daga Bango Zuwa Kwamfuta

Tun kafin zuwan kwamfuta, 'yan sandan Amurka sun saba manna taswira a bangon caji ofis, suna soka allura duk inda aka yi fashi ko kisa. Masana ma sun riga su, domin a 1829 Bafaranshe André-Michel Guerry ya fitar da taswirar da ke nuna bambancin laifuka tsakanin lardunan Faransa. Saboda haka ba tsarin CompStat, wanda New York ta fara a 1994, ya ƙirƙiro taswirar laifi ba. Sabon abin da ya kawo shi ne titsiye shugabanni da ita.

Jack Maple, ɗan sandan jiragen ƙarƙashin ƙasa, ya daɗe yana cika bango da taswirorin tashoshin da ƙwace ya yi yawa. Da William Bratton ya zama kwamishinan 'yan sandan New York sai ya jawo shi jiki, aka zuba bayanan cikin kwamfuta. Daga nan ake kiran kwamandojin yankuna hedikwata, a haska taswirar yankin mutum a gaban tsaransa, a tambaye shi me ya yi game da wancan lungun. Wanda ya yi kame-kame, kujerarsa ta fara rawa. Tsarin kuwa yana da madogara: wani bincike a Minneapolis da aka wallafa a 1989 ya gano cewa kusan rabin kiran da ake wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin ɗari na adireshin birnin yake fitowa.

Masu yabo kan kawo alƙaluman kisan kai, daga 2,245 a 1990 zuwa ƙasa da 700 a 1998. Masu suka kan ce laifi ya ragu har a biranen da ba su bi tsarin ba, kuma raguwar ta soma tun kafin 1994. Haka ne, sai dai faɗuwar da aka gani a New York ta zarce ta sauran ƙasar nesa, don haka da wuya a ce tsarin bai taɓuka komai ba. Sukar da ta fi nauyi daban ce: wanda ake aunawa da alƙaluman, shi ne kuma mai rubuta su. A 2010 aka fallasa sautukan da ɗan sanda Adrian Schoolcraft ya naɗa a ɓoye a caji ofis na 81 da ke Brooklyn, inda aka ji manya na matsa wa ƙanana su ƙi karɓar wasu ƙorafe-ƙorafen. Fashin da ba a rubuta ba kuwa, kwamfuta ba ta da inda za ta ɗiga shi.