Marinar Kano da Sauye-sauyen Kasuwar Tufafi

A ƙarni na 19 babu wata sana'ar hannu da ta kai rini kawo arziki a ƙasar Kano, domin ita ce ta ɗaure sana'o'i da dama a igiya ɗaya, tun daga manomin auduga da macen da ke kaɗi a cikin gida, zuwa masaƙi, da marini, da mabugi, wato mai dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga can a shekara sun kai darajar wuri miliyan 300, kuma ya ambaci cewa fatake na kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Abin da ya ba marinan Kano fifiko shi ne laso, wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato lakar da ke taruwa a gindin ramin rini, tare da dafara. Da shi aka samu damar daɓe ramuka masu zurfi da ke cin baba da toka masu yawa a lokaci guda, abin da ya rage tsadar aiki, har garuruwa irin su Kura suka shahara da turkuɗi, baƙar tufa mai walƙiya wadda Buzaye ke naɗawa, suna kuma biyan kuɗi mai tsoka a kanta.

Ana yawan ɗauka cewa zuwan Turawa a 1903 ne ya karya sana'ar nan take, alhali tarihi bai nuna haka ba. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwar Ingila sun sa ran kwashe auduga zuwa masaƙunsu, sai suka tarar masaƙan gida na sayen ta da farashin da ya fi nasu, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Raunin ya zo ne sannu a hankali, ta hanyar shunin kanti da Jamus ta fara sayarwa a 1897, da yadin waje mai araha, sannan farin da aka yi a yankin Sahel a 1973 da 1974, wanda ya halaka dabbobin Buzaye, ya rage musu ƙarfin saye.

Masaƙun zamani, waɗanda aka zaci su ne za su gaji marina, ba su yi tsawon rai ba: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, bayan tsadar kayan gyara da ta biyo bayan karya darajar naira a 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararowar atamfar Sin zuwa kasuwar Kantin Kwari. Marinar Ƙofar Mata kuwa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana aiki har yau, ko da yake yawancin ramukanta sun bushe, kuma cinikinta ya dogara ƙwarai ga baƙi masu yawon buɗe ido.