Haraji, Makamashi da Haƙƙin Masu Ceto a Khartum da Omdurman

Gabatarwa

Ginin Majalisar Dokokin Sudan yana birnin Omdurman, kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Tun ranar 11 ga Afrilu, 2019, da sojoji suka hamɓarar da Umar al-Bashir suka kuma rusa majalisun ƙasa da na jihohi, wakilan jama'a ba su sake zama don yin doka ba. Kundin riƙon ƙwarya da aka sa wa hannu a watan Agusta na shekarar ya tanadi kafa majalisa mai kujeru har 300 cikin kwana 90, kashi 40 cikin ɗari na mata, amma ba a kafa ta ba. Sai aka bar yin doka a hannun taron haɗin gwiwa na Majalisar Ƙoli da majalisar ministoci, wato masu zartarwa su ne masu tsara dokar da za su zartar.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, farashin makamashi, da tattara haraji, da sāka wa waɗanda suka sadaukar da rayukansu, duka ukun magana ɗaya ce: wa ke da ikon tambayar inda kuɗin jama'a ya tafi? Muddin babu mai wannan ikon, lambar yabo ba za ta biya mai ceto haƙƙinsa ba.

Farashin mai da burodi

Ɓallewar Sudan ta Kudu a ranar 9 ga Yuli, 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ƙasar take haƙowa. Daga nan gwamnati ta riƙa cike giɓin kasafinta daga aljihun talaka. A Satumba 2013 aka janye wani kaso na tallafin mai, zanga-zanga ta tashi daga Wad Madani ta bazu zuwa Omdurman da Khartum, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe kusan mutum 200. A Disamba 2018 burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa fam uku, mutanen Atbara suka fito, boren ya ci gaba har ya ci kujerar Bashir.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta ƙarasa aikin. A Fabrairu 2021 ta karya darajar kuɗin ƙasar daga fam 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a watan Yuni ta cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya, a watan Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Masana tattalin arziki suna da hujja mai ƙarfi cewa tallafin ya fi amfanar masu motoci da masu fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta. Sai dai hukunci mai nauyi irin wannan an yanke shi ba tare da wakilin Ombada ko na Karari a Omdurman ya tashi ya faɗi abin da kuɗin mota zai yi wa mai sayar da shayi a bakin titi ba. Shirin Samarat, wanda aka tsara zai riƙa ba kowane mutum kimanin dala biyar a wata don rage raɗaɗi, ya dogara ne da kuɗin ƙasashen waje, ya kuma tsaya bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. Tsadar ta zauna, tallafin ya tafi, domin babu dokar majalisa da ta ɗaure ɗaya da ɗaya. Mai karatu a Kano ko Katsina da ya ga abin da ya biyo bayan sanarwar janye tallafin mai a Najeriya ta 29 ga Mayu, 2023, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuɗin da ba ya isa baitulmali

Sudan tana cikin ƙasashen da harajinsu ya fi ƙaranci idan aka auna da girman tattalin arzikinsu, alhali ƙaramin ɗan kasuwa a kasuwar Omdurman yana biyan kuɗin lasisi, da na shara, da zakka ga Diwanin Zakka, da tara iri-iri. Dalilin wannan saɓani shi ne manyan hanyoyin samun kuɗi ba sa bi ta Ma'aikatar Kuɗi. 'Yan Sudan suna kiran ɗabi'ar tajnib: hukuma ta karɓi kuɗi ta ajiye a asusunta, ba ta kai shi baitulmali ba. A Agusta 2020 Hamdok da kansa ya ce kashi 18 cikin ɗari kacal na dukiyar gwamnati ke ƙarƙashin ikon ma'aikatar. Saura yana hannun kamfanonin soja da na hukumomin tsaro. A ɗaya ɓangaren kuma, zinaren Jabal Amir a Darfur ya gina ƙarfin Muhammad Hamdan Dagalo da dakarunsa na RSF.

Kuɗin da majalisa ba ta gani shi ya ciyar da rundunoni biyu a ƙasa ɗaya, har suka juya wa juna bindiga ranar 15 ga Afrilu, 2023. Makamashi na cikin abubuwan da yaƙin ya fara ci. Matatar al-Jaili da ke arewacin Khartum, mai tace ganga dubu 100 a rana, ta zauna a hannun RSF har Janairu 2025, ta fito a ƙone. Jiragen sama marasa matuƙi sun kai hari tashar lantarki ta madatsar Merowe, mai ƙarfin megawat 1,250. A Mayu 2025 aka kai wa tashoshin wuta na Omdurman hari, injinan tace ruwa suka tsaya, mutane suka koma shan ruwan kogi, Ma'aikatar Lafiya ta ƙirga mutum 172 da kwalara ta kashe cikin mako guda, akasarinsu a Jihar Khartum.

Waɗanda suka tsaya

Da hukuma ta janye zuwa Port Sudan, matasan unguwanni ne suka ɗauki aikin ceto. Ɗakunan Ɗaukin Gaggawa sun samo asali daga kwamitocin gwagwarmaya na 2019 da kuma tsohuwar al'adar nafir, wato gayya. Su ne suka kwashe masu rauni zuwa asibitin al-Nau, wanda ya ci gaba da aiki a Omdurman duk da ruwan bama-bamai. Su ne suka binne gawarwaki, suka gyara rijiyoyi, suka buɗe ɗakunan girki na taron jama'a da ake kira takaya.

A irin wannan wuri, tun da asuba ake hura itace ko gawayi, domin iskar gas ta yanke. Mata suna tsince adas ko wake, a ɗora manyan tukwane a harabar masallaci ko makaranta, yara su jera robobi da kwanuka a layi, kowanne a madadin gida guda. Kuɗin cefane yana zuwa ne daga 'yan uwa a Saudiyya ko Masar ta manhajar Bankak, wani matashi kuma yana rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ɓangarorin yaƙin biyu sun kama wasu daga cikin waɗannan matasa, an kuma kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa abokin gaba aiki. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, ɗakunan girki sama da dubu suka rufe. A shekarar ce aka ba Ɗakunan Ɗaukin Gaggawa kyautar Rafto a Norway da ta Right Livelihood a Sweden. Duniya ta yaba, amma a dokar Sudan babu diyya ga iyalan wanda ya mutu yana raba abinci.

Tarihin ƙasar ya nuna haɗarin karramawa marar lissafi. A lokacin yaƙin kudu, gwamnatin Bashir ta ɗora wa jama'a kuɗin hatimi da ake kira damgatul jarih, da sunan jinyar sojojin da suka ji rauni, aka kuma sha sukar yadda ake karɓarsa a wajen kasafi. Sojan da ya rasa ƙafa ya cancanci fansho da magani, kuma haƙƙi ne a kan ƙasa. Amma idan aka mayar da sunansa hanyar tara kuɗin da babu mai bincikensa, an cuce shi, an cuci mai biya. Iyalan mutum fiye da ɗari da aka kashe a zaman dirshan na gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni, 2019, su ma suna jira, domin kwamitin bincike na Nabil Adib bai fitar da rahotonsa na ƙarshe ba.

Amsa ga masu ja

Za a ce ai zamanin Bashir akwai majalisa, ba ta hana komai ba. Gaskiya ne. Majalisar 'yan amshin shata ce, kuma a ƙarƙashin wannan tsari Jihar Khartum ta yi dokar tsarin jama'a ta 1996, wadda aka yi ta bulale mata da ita har aka soke ta a Nuwamba 2019. Wannan yana nuna cewa kafa majalisa kaɗai bai isa ba, sai an ba ta iko a kan kowane fam, har na kamfanonin soja. Za a kuma ce yaƙi bai ƙare ba, ba lokacin muhawara ba ne. Amma ƙananan hukumomi bakwai na Jihar Khartum sun shekara biyu suna ganin matasa suna zaɓar wakilai, suna raba ɗan abin da ke hannu, suna ba da lissafi, harsasai suna wucewa ta kansu. Abin da unguwa ta iya a cikin wuta, jiha ba ta da uzurin kasa yin sa.

Kammalawa

Sojoji sun ƙwace Fadar Shugaban Ƙasa ranar 21 ga Maris, 2025, suka ayyana Jihar Khartum baki ɗaya a hannunsu a watan Mayu. Sake gina matata, da tashoshin wuta, da bututun ruwa zai ci kuɗi mai yawa, kuma a wuyan mutanen da suka dawo gidajen da aka wawashe za a nemi ɗora shi. Don haka wajibi ne majalisar jiha mai wakilcin unguwanni ta zauna kafin a ƙara ko fam ɗaya a kan wuta ko mai, a haɗa duk kuɗin shiga a baitulmali guda, a kuma yi dokar da za ta kare ma'aikacin ceto daga kamu, ta ba iyalansa diyya daidai da ta iyalan soja, a cikin kasafin da kowa zai iya karantawa.