Kazar Man Shanu da Rabuwar Ƙasar Indiya

Duk wanda ya zauna a gidan cin abincin Indiya na zamani, a Landan ne ko Dubai ko Abuja, da wuya ya buɗe takardar jerin abinci bai ci karo da abubuwa uku ba: kazar da aka gasa a tandoor, da miyar kaza mai tumatir da man shanu da ake kira murgh makhani, da kuma dal makhani, wato baƙin wake da ya kwana a kan wuta. Ganin yadda ake kawo su cikin kwanukan tagulla, mai ci zai ɗauka girkin fadar sarakunan Mughal ne. Alhali a matsayinsu na abincin sayarwa a birnin Delhi, shekara ɗaya suke da ƙasar Pakistan.

Tandoor ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shi ne tanderun da ake toya gurasa a cikinsa a Kano, kuma sunayen biyu dangin kalmar tannur ta Larabci ne. A yankin Punjab da kan iyakar arewa maso yamma, an daɗe ana manna ƙullun burodi a jikin wannan tukunyar yumɓu. A birnin Peshawar akwai wani gidan abinci mai suna Moti Mahal, mallakar Mokha Singh, inda wasu samari biyu masu suna ɗaya suka yi aiki: Kundan Lal Gujral da Kundan Lal Jaggi. Can aka san su da jiƙa kaza cikin kindirmo da kayan yaji, a tsire ta a jikin ƙarfe, a zura cikin tanderu.

Sai ga watan Agustan 1947. Turawan Birtaniya suka raba ƙasar gida biyu kafin su tafi, bisa layin da lauya Cyril Radcliffe ya shata cikin makonni biyar, mutumin da bai taɓa taka Indiya ba kafin nan. Mutum kusan miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka halaka a hanya. Peshawar ta faɗa ɓangaren Pakistan, don haka mabiya addinin Hindu da na Sikh suka kwarara gabas. Su Kundan Lal suna cikin waɗanda suka iso Delhi da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. Tare da abokinsu Thakur Dass suka kama wuri a unguwar Daryaganj, suka gina tanderu, suka sake ɗaga tsohon sunan Moti Mahal.

Delhin da suka tarar ba ta saba da wannan girki ba. Abincin naman da aka sani shi ne na tsohon gari, irin na gidan Karim's da ke kusa da masallacin Jama tun 1913. Iyalai da dama na Hindu kuma ba su cin abincin waje, saboda ƙa'idojin tsarki game da hannun da ya dafa. 'Yan gudun hijirar Punjab suka sauya wannan ɗabi'a, domin sun zo da yawa, kuma mutane ne masu son nama da madara. Ba a jima ba Firaminista Jawaharlal Nehru ya zama mai hulɗa da Moti Mahal, manyan baƙin gwamnati ma aka riƙa ɗanɗana musu kazarsa.

Miyar kuwa dabarar ɗan kasuwa ce. Gasasshiyar kaza idan ta jima tana jiran mai saye bushewa take yi, ga firji bai wadata ba a lokacin. Sai aka riƙa tsoma ta cikin romon tumatir da man shanu da kirim don ta sake laushi. Shi kansa tumatirin, da barkonon da ake ganin shi ne tambarin girkin Indiya, daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal ne suka buɗe musu hanyar teku bayan zuwan Vasco da Gama a 1498.

Daga Delhi wannan jerin abinci ya tsallaka Birtaniya, inda ya tarar da kasuwa a buɗe. Tun 1810 Sake Dean Mahomed ya kafa gidan abincin Indiya na farko a Landan, ko da yake ya karye cikin shekara biyu. Mafi yawan waɗanda suka riƙe sana'ar daga baya mutanen Sylhet ne ta Bangladesh ta yau, wasunsu tsofaffin ma'aikatan jiragen ruwa. A gidajensu shinkafa da kifi suke ci, amma girkin Punjab suke sayar wa Bature, tunda shi yake nema. Ta haka ɗan yanki ɗaya ya zama fuskar ƙasar da ke da jihohi 28, aka manta da girkin Kerala da na Bengal da na Gujarat.

Masu girkin zamani wannan ƙunci suke ƙoƙarin warwarewa. Gidan Indian Accent da aka buɗe a Delhi a 2009 ƙarƙashin Manish Mehrotra, da Trèsind Studio na Dubai da ya sami taurari uku na Michelin a 2025, sun shahara da ƙananan faranti a jere, kowanne da labarin yankinsa. Duk da haka Mehrotra bai iya rabuwa da kazar man shanu ba, sai ya cusa ta cikin ɗan burodin kulcha.

A watan Janairun 2024 maganar ta kai gaban Babbar Kotun Delhi. Zuriyar Gujral, masu jerin gidajen Moti Mahal Delux, suka yi ƙarar gidajen abinci na Daryaganj da jikan Jaggi ya kafa da abokinsa a 2019, suna neman diyyar rupi miliyan 20. Su sun ce kakansu ya ƙirƙiro miyar tun a Peshawar. Ɗaya ɓangaren ya ce a Delhi aka fara ta a 1947, a wani dare da baƙi suka zo bayan abinci ya kusa ƙarewa. Gujral ya rasu a 1997, Jaggi a 2018, saboda haka tsofaffin hotuna da takardun haɗin gwiwa ne ke ba da shaida a madadinsu. Shi kuwa ainihin gidan da ke unguwar Daryaganj, inda aka gina tanderun farko, tun farkon shekarun 1990 aka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa da ba ya cikin zuriyar ko ɗayansu.