Matsin lambar iyaye a wasannin yara: yadda yake a Tasawa da Mayahi

Matsin lambar iyaye a wasannin motsa jiki shi ne a ɗora wa yaro burin da ba nasa ba, ko a auna darajarsa a cikin gida da nasarar da ya samu a fili. Masu nazarin tarbiyya a Turai da Amurka sun daɗe suna rubutu a kansa, amma hoton da suke zanawa kusan ɗaya ne: uba a tsaye bakin fili yana yi wa ɗansa tsawa, yana zagin alƙalin wasa. Wanda ya san filayen ƙwallo na Tasawa ko dandalin kokowa na ƙauyukan Mayahi ya san ba kasafai ake ganin haka a nan ba. Matsin yana nan, sai dai ta wata ƙofa yake shigowa.

Dalili na farko kunya ce. Uban da ba ya ambaton sunan ɗansa na fari ba zai je ya tsaya cikin samari yana ihu a kansa ba. Waɗanda ke bakin fili su ne yayye, da baffanni, da kawunnai, da ƴan fada na unguwa, kuma su ne ke kai labari gida. Yaro yakan dawo bayan magariba ya tarar an riga an yanke masa hukunci: ya zubar da fanariti, ko ya bari ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka ya kada shi gaban jama'a. Saboda haka idan ana maganar iyaye a wannan yanki, ana nufin duk manyan gidan da yaro ba ya iya musa wa.

Kokowa da nauyin sunan gida

A gundumomin biyu kokowa ta girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Da kaka, idan an gama yankan hatsi an ɗaure damma, ƙauyuka kan gayyaci juna, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, daga Maijirgi zuwa Urafan. Yara suna fara kama juna a rairayi tun kafin su shiga lakkol, babu mai koya musu sai kallo. Wannan matakin ba shi da matsala. Tana farawa ne ranar da manya suka lura cewa yaro yana da ƙashi.

Tun 1975, lokacin da aka buɗe gasar Takobin Ƙasa a Tawa zamanin Seyni Kountché, kokowa ta zama hanyar samun suna da dukiya. Wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan jihar Maradi ne, Yacouba Ango da aka fi sani da Kantu, kuma sunansa aka sa wa filin kokowa na birnin Maradi. Yau kowace jiha cikin takwas tana tura ƴan kokowa 10, wato 80 ke nan a faɗin ƙasa, kuma sarki yana komawa gida da takobi da doki da miliyoyin sefa, ban da kyaututtukan ƴan kasuwa da na ƴan siyasa. Issaka Issaka na Doso ya ɗauke shi har sau shida. Duk magidancin da ke sauraron gasar a rediyo yana iya yin lissafin, sai dai akwai gefen lissafin da ba a cika yi ba: guraben jihar Maradi goma ne kacal, kuma gundumomi da yawa ke nemansu.

Gidan da aka gaji kokowa ya fi kowane nauyi. Makaɗa suna kirarin yaro da sunan ubansa da na kakansa, don haka faɗuwarsa ta zama ta zuri'a gaba ɗaya. Akan kai shi wajen malami ko boka, a sayar da akuya a yi masa layu da rubutun sha. Daga ranar nan ya zama mai bashi. In ya faɗi, ba za a ce abokin karawarsa ya fi shi dabara ba, za a ce ya karya sharaɗin magani ko kuma zuciyarsa ta mutu. Yaro ɗan shekara 14 ba shi da bakin da zai ce ya gaji, ballantana ya ce ba ya so.

Haɗarin da ya fi bayyana na jiki ne. A kokowar gargajiya ta dandali ba a raba mutane bisa nauyi, kuma akan tura matashi ya kama wanda ya girme shi don a nuna gidan bai ji tsoro ba. Ƙasusuwan yaro kuwa ba su gama haɗewa ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kamar wuyan hannu da gwiwa da idon sawu, akwai guringuntsi mai laushi inda tsawo ke fitowa, kuma ba ya rufewa sai wajajen ƙarshen ƙuruciya. Karaya a wannan wuri, idan aka ɗora ta ba daidai ba ko aka koma fili kafin ta warke, tana iya barin hannu ko ƙafa a karkace har abada. Sau da yawa abin da ke mayar da yaro fili da wuri ba son wasa ba ne, tsoron a ce masa rago ne.

A nan ne ma tramol ke samun ƙofa. Ƙwayar ta yaɗu a Nijar tsakanin masu aikin ƙarfi, kuma matashin da aka hana shi nuna ciwo yana da dalilin neman abin da zai kashe masa zafi. Tana ɓoye ciwon ne kawai, raunin yana ci gaba, ga jaraba, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Ƙwallo: daga hani zuwa buri

A ƙwallon ƙafa matsin fuska biyu gare shi, kuma wani lokaci uba ɗaya ne ke nuna su duka. Ta farko hani ne. Gasannin unguwanni na babban hutu, waɗanda samari ke kira TGV, suna faɗowa ne tsakiyar damina, daidai lokacin noma da maimai. A idon magidancin Mayahi mai gona a jigawa, yaron da ya aje hauya da la'asar ya tafi fili ya rage wa gida hannu. Ƙari ga haka akwai makarantar allo, da jarrabawar BEPC ga ƴan kwaleji. Ba za a ce damuwar iyayen ba ta da tushe ba. Inda take ɓaci shi ne idan ta koma duka da ƙona takalma, domin yaron ba ya daina wasa, ɓoyewa yake yi, kuma in ya ji ciwo ba zai faɗa ba.

Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya bi ta irin wannan hanya. Mahaifinsa ya hana shi taekwondo bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sanadin wasan, kuma ya ci gaba da koyo a ɓoye lokacin da yake zaune a Togo. A 2016 ya samo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio, ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da ɗan dambe Issaka Daboré ya ci a Munik a 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017. Ana yawan ba da labarin don a nuna iyaye sun yi kuskure. A ganina abin da ya fi nunawa shi ne tsoron uban na gaskiya ne, kuma hani bai kawar da haɗarin ba, ya dai hana manya sa ido a kai.

Fuska ta biyu tana bayyana ranar da wani ya ce yaron nan zai iya zuwa Turai. Wanda jiya ake kora daga fili, yau shi ne jarin gida. Tun da Maradi ta karɓi wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Fabrairun 2019, tare da Yamai, mafarkin ya ƙara matsowa kusa. Masu kiran kansu wakilan ƴan wasa sun san da haka. Sukan nemi kuɗin fasfo da biza da na gwaji, iyali su sayar da sa ko su jinginar da gona, yaro ya ƙare a wani birni ba ƙungiya ba takarda, kuma kunyar dawowa hannu rabbana ta hana shi kiran gida.

Abin da ya kamata kowane uba ya sani shi ne sashe na 19 na dokar FIFA kan sauya ƙungiya ya hana kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa. Keɓancewar kaɗan ce, daga ciki akwai: idan iyayen ne suka ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga masu 16 zuwa 18, ko kuma idan gidan yaron da ƙungiyar kowanne bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba kuma hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu sun amince. Wannan ta ƙarshen tana iya shafar garuruwan kudancin Tasawa irin su Korgom da Hawandawaki da ke kusa da Najeriya, amma ba ta kai kowa Faransa. Wanda ya ce zai sa wa ɗan shekara 15 hannu a kwantiragi a Turai, ko dai yaudara ce ko karya doka.

Sai batun rage shekaru, wanda ba ya yiwuwa sai da hannun manya. Yara da yawa a karkara ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya a je kotu a karɓi wadda ke maye gurbinta, kuma a nan ne ake zabge shekara biyu ko uku. Nijar ta ɗanɗana kuɗar wannan a 2009, lokacin da aka kore ta daga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a Aljeriya saboda ɗan wasan da ya wuce shekaru, Malawi ta maye gurbinta har zuwa gasar duniya. Daga wannan shekarar FIFA ta fara duba wuyan hannun ƴan wasa da na'urar IRM: idan guringuntsin nan da aka ambata ya rufe gaba ɗaya, an cire yaro. Kamaru ta rasa 21 cikin 30 a irin wannan gwaji dab da wata gasa a farkon 2023. Nijar kuwa ta je gasar duniya ta ƴan ƙasa da 17 a Indiya a 2017, ta doke Koriya ta Arewa da ci ɗaya da nema, ta kai zagaye na biyu. Wanda ake cuta a wasan rage shekaru shi ne ɗan 15 na gaskiya, da ake ajewa a benci ko a haɗa shi da ƙato ɗan 19.

Ƴan mata kuwa nasu matsin kusan duka na hani ne. Yarinya kan yi gudu da langa a firamare, da ta fara girma sai a ce ya isa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma jihar Maradi ce kan gaba. Malamin motsa jiki a kwaleji yakan rasa ɗalibarsa mafi gudu tun kafin ta kai aji na uku.

Abin da aka gani a wasu wurare

Ƙasashen da ke da kuɗi ba su tsira ba. Andre Agassi, wanda ya ci manyan kofunan tanis takwas, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 2009 cewa ya tsani wasan da mahaifinsa ya tilasta masa tun yana ƙarami. A Faransa an yanke wa Christophe Fauviau ɗaurin shekara takwas a 2006: yakan zuba maganin barci a ruwan shan abokan karawar ƴaƴansa, har ɗaya daga cikinsu ya yi hatsari da mota ya mutu a 2003. A Ingila hukumar ƙwallo ta kai ga ware wasu ranakun ƙarshen mako da ake roƙon iyaye su yi tafi kawai, ban da ba da umarni daga bakin fili.

Masanin nan na Kanada, Jean Côté, ya kasa girman ɗan wasa gida uku: daga shekara 6 zuwa 12 a bar yaro ya taɓa wasanni iri-iri don nishaɗi, daga 13 zuwa 15 ya fara zaɓe, sai daga 16 a shiga horo mai tsanani. Abin lura shi ne yaron ƙauye da ke yin langa da kokowa da ƙwallon tsumma da tseren jakuna yana cika matakin farko ba tare da kowa ya tsara masa ba. Nazarce-nazarcen fannin sun yi ta maimaita abu ɗaya: yaran da ke wasa don tsoron ɓata wa iyaye rai sun fi fargaba kafin gasa kuma sun fi saurin barin wasan, kuma abin da suka fi so daga manya shi ne a yaba ƙoƙari, a bar gyaran dabara ga mai horarwa.

Alamomin da malamai da masu horarwa ke iya gani ba su da wuyar ganewa. Yaro ya riƙa ciwon ciki ko rashin barci daren wasa, ya riƙa waiwayen inda yayansa ke tsaye bayan kowane kuskure, ya ɓoye ɗingishi, ko ya ƙi komawa gida bayan an ci su. A doka, wasa haƙƙin yaro ne: sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya tanadi hutu da wasan da ya dace da shekarunsa. A aikace, mai horar da ƴan unguwa a Tasawa ɗan sa-kai ne, sau da yawa bai girmi ƴan wasansa da shekara goma ba, kuma ba zai iya tunkarar dattijo kai tsaye ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce ta bi ta hannun wanda uban ke jin nauyinsa: mai unguwa, liman, daraktan lakkol, ko tsohon ɗan kokowa da ya san yadda kafaɗar da aka yi wa gaggawa take ciwo da sanyin hunturu.