Daga Kwaɗo Zuwa Bama: Tarihin Mahaɗin Ganye a Akushinmu

 

Gabatarwa

Duk wanda yake halartar walimar biki ko buɗa-bakin azumi a gidajen 'yan'uwanmu mutanen Kura mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, zai shaida cewa da wuya a shimfiɗa abinci ba a ga farantin haɗin salak a gefe ba. Za a yanka latas da kabeji da karas da kokwamba, a jera dafaffen ƙwai, sannan a kwarara farin mahaɗin nan na kwalba da jama'a suka fi sani da bama. Da yawa daga cikin yaranmu da aka haifa a birni sun tashi da zaton cewa cin ganye da mahaɗi mai maiƙo al'ada ce da Turawa suka koya mana. Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Wannan maƙala za ta bi sawun mahaɗai guda biyu, wato namu na gado da ake yi da ƙuli-ƙuli, da kuma na kwalba da ya ƙetaro teku, domin mu ga inda kowannensu ya faro da abin da tarihinsu yake nufi ga tattalin arzikin iyayenmu mata da ke gida.

Kwaɗo da zuwan gyaɗa

Tun fil azal Bahaushe ma'abocin ganye ne. Zogale da rama da tafasa da yaɗiya da lamsir duk sun daɗe a cikin cimarsa, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A irin wannan marra, tafasar da ta fito a bayan gida da ramar da aka shuka a gefen gona su ne suke riƙe cikin iyali. Sai dai ganye zalla ba ya daɗin ci kuma ba ya riƙe ciki, don haka dole aka nemi abin da zai ba shi maiƙo da ɗanɗano. A nan ne gyaɗa ta shigo.

Asalin gyaɗa daga Kudancin Amurka take, kuma fataken Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a wajejen ƙarni na 16, daga nan ta riƙa ratsowa cikin ƙasa hannu da hannu har ta iso ƙasar Hausa. Kafin zuwanta kakanninmu sun san gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru, ita ma tana 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa noman baƙuwar bai yi musu wuya ba. Har yau a wajejen Sakkwato da Katsina sunan gujiya ake kiran gyaɗa da shi. Bambancin da ya ɗaga darajar gyaɗa shi ne mai, domin kusan rabin ƙwayarta mai ne, abin da gurjiya ba ta da shi sai kaɗan.

Fitar da wannan mai kuwa ya zama sana'ar mata a cikin gida. Mace za ta soya gyaɗa, ta murje ta, ta fece ɓawon, ta daka ko ta niƙa har ta zama laushi, sannan ta zuba a turmi tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Abin da ya rage bayan an kwashe mai shi ne tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya a cikin man da aka fitar, ta zama ƙuli-ƙuli, ko ƙarago a bakin Sakkwatawa. Babu abin da ake zubarwa: mai ya tafi tukunya, ƙuli-ƙuli ya tafi faifan talla, wani ya tafi wajen mahauta domin yajin tsire, ita kuma tunkuza ta shiga labun kilishi. Da wannan sana'a mata masu yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Kwaɗo shi ne inda ganye da ƙuli-ƙuli suka haɗu. Akan dafa zogale ko rama a matse ruwan, a daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, a dama shi da ɗan ruwa ya yi kauri, a sa gishiri da barkono da albasa da ɗan man gyaɗa, sannan a cakuɗa da ganyen. Duk wanda ya dubi wannan damammen ƙuli-ƙuli da idon basira zai ga cewa aikin da bama take yi a kan latas shi ne yake yi a kan zogale, wato ya lulluɓe ganye da maiƙo, ya kashe ɗacinsa, ya sa shi ya zauna a ciki.

Jirgin ƙasa da dalar gyaɗa

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma a 1912 aka buɗe shi ga fatauci. Burin Turawan Ingila a lokacin shi ne manoman Kano su duƙufa ga noman auduga domin masaƙun Lankasha. Amma masana'antun Turai masu yin man shafa wa burodi da sabulu suna tsananin buƙatar man tsirrai, farashin gyaɗa ya fi na auduga tsoka, ga shi kuma ko ba a saye ta ba manomi zai iya ci. Saboda haka manoma da fataken Kano suka karkata ga gyaɗa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin manyan dillalan da suka yi fice wajen saya wa kamfanonin Turawa, kuma da sunansa ake danganta tsarin jera buhuna har su zama dala. Zuwa shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma mafi yawanta ta Kano take bi.

Wannan bunƙasa ta sa gyaɗa ta wadata a kowane ƙauye, ƙuli-ƙuli ya yi araha, kwaɗo ya zama abincin marece na talaka da mai sarauta. Sai dai abin bai ɗore ba. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya durƙusar da noma, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki masu yawan gaske a Arewa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, dalar gyaɗa ta ɓace, kuma a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Noman gyaɗa ya farfaɗo daga baya, da taimakon sababbin iri na SAMNUT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, amma yanzu galibinta a cikin gida ake cinye ta.

Mahaɗin da ya ƙetaro teku

Su ma Turawa sun daɗe da cin ɗanyen ganye. Kalmarsu ta salad, wadda daga gare ta muka sami salak, ta samo asali ne daga kalmar gishiri a harshen Latin, domin Rumawa da gishiri da mai da ruwan tsami suke cin ganyensu. Shi kuwa latas, tun zamanin Fir'aunoni ake noma shi a Masar.

Farin mahaɗin da ake kira mayonis ya fara bayyana a littattafan girkin Faransa a farkon ƙarni na 19. Akwai sanannen labari da ke danganta sunansa da garin Mahon na tsibirin Minoka, wanda sojojin Faransa suka ci a 1756, ko da yake masana tarihin abinci sun yi saɓani a kan ingancin labarin. Hikimar haɗa shi ita ce, mai da ruwa ba sa gauraya, amma a cikin gwaiduwar ƙwai akwai wani sinadari da ke riƙe su tare. Idan aka riƙa ɗiga mai kaɗan-kaɗan a kan gwaiduwa ana kaɗawa, tare da ruwan lemon tsami ko ruwan kal, sai man ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo, haɗin ya yi kauri ya yi fari. Wanda ya yi gaggawa ya tuttula man gaba ɗaya, haɗin tsinkewa zai yi.

Ingilishi kuma suna da nasu salon, wanda suke yi da dafaffiyar gwaiduwa da kirim ɗin madara da mustad da ruwan kal, ya fi mayonis tsami da ruwa-ruwa, kuma bai kai shi yawan mai ba. Kamfanin Heinz ne ya fara zuba irin wannan a kwalba domin kasuwar Ingila a 1914. A daidai wannan zamani, wani Bajamushe mai kanti a birnin New York, Richard Hellmann, ya fara sayar da mayonis a kwalba, har sunansa ya zama tambarin kasuwanci. Abin lura shi ne, shekarun da gyaɗar Kano ta fara tafiya Turai domin a matse manta su ne shekarun da masana'antun can suka fara cika kwalabe da mahaɗin da ginshiƙinsa man tsirrai ne.

Shigowarsa gidajenmu

Ta hanyoyi uku wannan mahaɗi ya iso akushinmu. Ta farko ita ce kukun Bature, wanda ya koyi haɗa salak a gidajen jami'an mulki da na kamfanoni a unguwannin Nasarawa da Bompai, ya kuma koma gida da abin da ya koya. Ta biyu ita ce manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis, inda ma'aikatan gwamnati na farko suka fara ganin kayan gwangwani da na kwalba. Ta uku ita ce makarantun 'yan mata na kwana, inda ake koyar da darasin girki da kula da gida. Shekarun yalwar kuɗin fetur sun sauko da kwalbar daga manyan kantuna zuwa shagunan unguwa, kuma tambarin Bama ya yi karɓuwar da har sunansa ya zama sunan kowane mayonis a bakin Bahaushe.

Ganyen da ake zuba wa mahaɗin shi ma yana da nasa tarihi. Kabeji da karas da dankalin Turawa sun sami gindin zama a tsaunukan Jos saboda sanyin wurin, sannan masu lambu a gefen Kano da Zariya suka karɓi noman latas da rani. A namu yankin kuwa, babban sauyi ya zo ne da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ya mayar da ƙasar da a da aka fi saninta da rinin turkuɗi cibiyar noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, shi ne ake yankawa a kan salak a Ikko da Fatakwal.

Abin da ya rage gare mu

Idan muka haɗa waɗannan zare biyu, za mu ga cewa tumatir da albasar da ke cikin farantin ɗan Kura mazaunin birni daga gonar gida suke, amma kuɗin mahaɗin da ya kwarara a kai aljihun wasu yake tafiya, alhali gwaggonsa tana can gida tana soya ƙuli-ƙulin da ribarsa da ƙyar take sayen sabulu. Gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

Uwargida a birni za ta iya haɗa mahaɗi mai kauri da santsi da kayanmu na gida. Ta sami garin ƙuli-ƙuli mai laushi cokali huɗu, ta dama da ɗan ruwan ɗumi, ta zuba kindirmo cokali huɗu, da ruwan lemon tsami guda ɗaya, da man gyaɗa cokali biyu, da gishiri da ɗan yaji, ta kaɗa har ya haɗe. Wannan yana shiga da latas da kabeji kamar yadda yake shiga da zogale. Mai son farin mahaɗi kuwa, gara ta murje dafaffiyar gwaiduwa irin ta salon Ingilishi a kan ta yi da ɗanyen ƙwai, domin ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma a ƙasa mai zafi da ƙarancin wutar lantarki haɗin ba ya jure ajiya. Ko wanne aka yi, a yi daidai ci, kuma a wanke ganye da ruwa mai tsabta sosai.

Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyan ƙungiyarmu. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana yin fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin, wadda masana suka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Wannan guba tana illa ga hanta, suya ba ta kawar da ita, kuma ita ce babban shingen da ke hana kayan gyaɗarmu shiga manyan kasuwanni. Maganinta yana farawa ne daga gona: cire gyaɗa a kan kari, shanya ta a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, da tsince ruɓaɓɓu kafin a soya. Cibiyar IITA ta Ibadan ma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan guba.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiya da rassanta na birane da su sanya wannan batu a cikin ajandar babban taro mai zuwa. Abubuwa uku ake nema: a haɗa matanmu masu sana'ar ƙuli-ƙuli a ƙungiyar gama-kai tare da sama musu injin niƙa da na matse mai, a gayyato malaman gona su koyar da busarwa da adanawa, sannan 'ya'yanmu da ke aiki a birni su taimaka wajen neman rajistar hukumar NAFDAC, domin garin ƙuli-ƙulin Kura ya shiga kantuna cikin mazubi mai tsabta da sunan garinmu a jikinsa. Kafin nan, kowannenmu da ya zo gida hutun Sallah ya sayi mudu ɗaya ko biyu a hannun 'yan'uwansa ya koma da shi, ya kuma koya wa 'ya'yansa cin kwaɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya albarkaci gonakinmu da sana'o'in iyayenmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara haɗa kanmu. Amin.