Kwanakin Jira Kafin Kirsimati: Asalinsu da Labarinsu

Da shike muna tunawa da shekarun da bishara ta yi a ƙasarmu, ya kamata mu dubi wani abu da ya girmi kowace mishan, watau makonnin nan huɗu da ke gaban Kirsimati. A wurinmu cikin hunturu suke faɗowa, bayan an gama kaka, an zuba gero a rumbu, hankalin kowa ya koma wajen tela da mai shinkafa. Masu bi na dā kuwa ba haka suka ɗauke su ba. Da harshen Latin sukan ce da lokacin adbentus, ma'anarsa zuwa, irin zuwan da sarki kan yi wa gari, a share hanya, a fita taryensa.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuwa umarce mu mu kiyaye ta ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta nuna ana idin haihuwarsa ran 25 ga Disamba a birnin Roma cikin shekara ta 336. Shirin da ake yi gaban idin daga baya ya taso. A 380 shugabannin ikkilisiya suka taru a Saragosa, ƙasar Sifen, suka yi doka cewa daga 17 ga Disamba har 6 ga Janairu, kwana 21 ke nan, kada mai bi ya ƙaurace wa ɗakin sujada, ko ya ɓuya a gidansa, ko ya keɓe kansa can cikin duwatsu. Waɗansu masana suna ganin nan ne tushen al'adar.

A ƙasar da muke kira Faransa yanzu abin ya zama azumi sosai. Wani bishof na birnin Tur mai suna Farfetuwus, wanda ya rasu wajen 490, ya umarci jama'arsa su yi azumi kwana uku kowane mako, tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimati. Taron Makon na 581 ya tabbatar da haka, ya kuma ambaci ranakun: Litinin, Laraba da Jumma'a. Wanda ya tashi yana zaton Kirista ba su san azumi ba, to, ga labarinsa. Har wa yau Kibɗawan Masar sukan yi azumin kwana 43 kafin nasu Kirsimatin, wanda ke zuwa ran 7 ga Janairu.

A Roma aka taƙaita lokacin ya zama Lahadi huɗu, ko da shike birnin Milan ya riƙe shida har yanzu. Amma abin lura a nan shi ne abin da ake karantawa. Giregori Babba ya shugabanci ikkilisiyar Roma daga 590 zuwa 604. Ya hau ne a mugun zamani: kogin Tiba ya yi ambaliya a 589, annoba ta biyo baya har ta kashe wanda ya gada, mayaƙan Lambadawa kuma suna ɓarna a ƙasar Italiya. Cikin wa'azinsa na wannan lokaci akwai wanda ya yi a kan Luka sura 21, inda Ubangiji ya yi maganar alamun ƙarshe da komowar Ɗan Mutum. Ba komin dabbobi ya sa a gaban mutanensa ba, ba kuwa makiyaya ba. Ranar shari'a ya sa a gabansu. Haka tsarin ya zauna ɗaruruwan shekaru: a fara da zuwan Almasihu na biyu, sa'an nan a ji muryar Yahaya Maibaftisma yana kiran tuba a jeji, sai can a ƙarshe a iso ga Maryamu da Baitalami. A ganina tsofaffin nan sun fi mu gaskiya. Gama jariri a komi ba ya tsorata kowa, ko marar bangaskiya ma yakan yi murna da shi. Sarki mai komowa shi ne ke sa mutum ya biya bashinsa, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tun rana ba ta faɗi ba.

Da zamanin gyaran ikkilisiya ya zo, sai aka rabu. Mabiyan Luta suka riƙe makonnin. Waɗansu kuwa suka ce abin da ba a rubuta ba kada a ɗora wa lamirin mutum, har majalisar Ingila ta hana idin Kirsimati kansa a 1647. Masu bishara da yawa da suka zo ƙasashenmu sun fito ne daga ikkilisiyoyin da ba su damu da lissafin ranaku ba. Shi ya sa mutum kan tsufa cikin bi bai taɓa jin sunan lokacin ba.

Kyandiran da ake kunnawa a waɗansu majami'u kuwa sabon abu ne. Wani fasto Bajamushe, Johann Wichern, yana riƙon yara marasa galihu a birnin Hambug, kullum suna damunsa da tambaya, yaushe Kirsimati za ta zo? A 1839 ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera ƙananan jajayen kyandira domin ranakun mako, da manyan farare huɗu domin Lahadi, kowace rana a kunna ɗaya a yi addu'a. Dabarar koya wa yara haƙuri ce, ba farilla ba ce.

Labarin mishan kansa cikin waɗannan kwanaki ya soma. Ran Litinin 4 ga Disamba 1893, kashegarin Lahadi ta fari ta lokacin jira, samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kai bishara ƙasar Sudan, watau ƙasashen Hausa da maƙwabtansu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke korarsa. Sai a 1902 aka kafa tasha ta fari a Fatigi, ƙasar Nufe, shekara tara bayan saukar, kuma da sauran tafiya mai nisa kafin a kai Hausa.

Wannan gefe namu ya fi daɗewa yana jira. A 1924 ma'aikatan mishan suka zauna Damagaram, shekara 31 bayan ranar nan ta Ikko, daga baya aka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, asibitin Galmi kuwa sai 1950. Masu bi na farko a waɗannan wurare kima ne ƙwarai, waɗansu danginsu sun ƙi su saboda Sunan. Idan suka ji labarin Saminu da Hannatu, tsofaffin da suka yi ta zuwa Haikali suna sauraron ta'aziyyar Isra'ila, ba su bukatar mai yi musu fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ma, wanda Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, bai fito ba sai 1932. Daga wannan shekara ne mai karatun Hausa ya iya buɗe annabcin Mika a kan Baitalami, ya juya takarda zuwa Matiyu sura 2, ya ga cikarsa a littafi guda.